Ƙanƙara Har Gida

Attajiran Turai, waɗanda Allah Ya yalwata wa dukiya har suka rasa inda za su kai ta, sukan hau jirgin ruwa takanas zuwa Alaska, domin su tsaya cikin jaura, haƙora na kaɗawa, suna kallon dutsen ƙanƙara yana ruftawa cikin teku. Mutumin Hartum kuwa, da yake ma'abocin hikima ne, kwalekwale yakan shiga a Mugran, inda Farin Nilu ya sadu da Shuɗin Nilu daura da tsibirin Tuti, alhali wani kaso na ruwan nan daga ƙanƙarar duwatsun Ruwenzori ya gangaro, ta biyo shi har gida a narke. In ya sauka Umdurman ziyarar Ƙubbar Mahadi, zafin azahar kan sanar da shi yadda ƙanƙarar ta ji.