Nonon Ƙwarya da Nonon Ƙirji

Malam, sassauta fuskar nan. Tun daga kan take na ga ka ja a'uziyya, kana waige-waige ko yara sun hango abin da kake karantawa. To ai jiya bayan azahar ni na ji ka a ƙofar masallaci kana ƙwala kira: "Ke mai nono, zo nan!" Ka sa aka buɗe, ka duba kaurinsa, ka ɗanɗana, ka taya. Ba wanda ya ce ka yi batsa. Kalmar dai ita ce, ba a ƙara mata ko wasali ba. In tana cikin ƙwarya kowa gwanin faɗinta ne. Da ta koma ƙirjin matar gida sai harshe ya yi nauyi, a koma "wajen nan" da "abin nan".

Za ka ce kunya ce, kuma kunya ado ce. Ban musa ba. Sai dai kunyar nan tamu ta iya zaɓen ranar fitowa. Ran da uwa ta fusata da ɗanta ba ta ambaton kuɗin makarantar da ta biya. Cewa take, "Ban yafe nonona da ka sha ba," kuma a tsakar gida take faɗa, maƙwabta na ji. Nan take sai ka ga ƙato mai gemu ya zube ƙasa yana ba da haƙuri. A zaure kuma malam yana biya wa magidanta hukuncin shayarwa a Risala, yana bayanin cewa a mazhabar Malikiyya ko makwarwa ɗaya jariri ya yi ta isa cikinsa, matar ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun haramta gare shi da aure. Yaran Islamiyya sun haddace sunan Halimatu Sa'adiyya tun ba su iya ɗaura zariya ba. Abin da ke ƙulla zumunta ya warware baiko, shi ne wai ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Inna, ke ma na ji tsakinki. Kin ce ku da kuka haifi goma kuka yaye goma, wane ɗan boko ne zai koya muku? Allah ya ja kwana. Amma a bar ni in tambaya, don Allah: wa ya ba tururuwa takardar likita? A tatsi nonon mai jego a ludayi, a jefa ta ciki, in ta fito nono ya yi kyau, in ta mutu nono ya ɓaci. Baiwar Allah nutsewa ta yi, Inna! Ko a kunun gyaɗa kika jefa ta haka za ta ƙare. A kan shaidar wannan marigayiya sai a matse dakashi a zubar, wai datti ne, a ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya kwana biyu ko uku. Alhali wannan ruwan mai kauri, mai launin ɗorawa, shi ne rigakafin farko da yaro ke samu, cike da sinadaran kare jiki daga cuta. Ɗan maraƙi a ruga yana shan nasa ba mai hana shi. Jikanki ne kaɗai aka ga bai cancanta ba.

Na san abin da ke tafe: "A zafin Sakkwato a hana yaro ruwa wata shida? Rashin imani!" Kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, kuma bai bi ta randa ko rijiya ba balle ya kwaso gudawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Shekara biyun nan kuwa ba daga bakin hukumar aka fara jin ta ba, tana cikin Suratul Baƙara.

Ke kuma amarya mai tsoron kada su zube, goyon ciki da shekaru ne ke wannan aiki. Ko kin ba da madarar gwangwani, lokaci ba ya karɓar cin hanci.

Duk wannan da sauƙi. Inda wasa ke neman ƙare mini shi ne ran da mace ta shafa ta ji ƙululu. Ta yi shiru wata uku don kunyar miji. Ta gaya wa yayarta, yaya ta ce ai kuɗin da take cusawa a rigar mama ne, ko wayar salula. Aka ce jifa ne, aka ce kishiya ce. Aka kira wanzami ya yi tsaga, aka shafa wannan, aka turara wancan. Maigida, da aka ambaci asibiti, tambayarsa ɗaya ce: "Namiji ne zai duba?" Sai wuri ya fashe, wari ya hana kowa zama a ɗaki, sannan a nemo mota. In likita ya ce an makara, a dawo gida ana cewa ai dama asibiti ba su iya daji ba.

Malam, ka ce ina zuzutawa. A 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, kimanin 670,000 suka rasu, kuma ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Ga kuma abin haushin: yawancin ƙululun da ake ji ba ma sankara ba ne. Wata ta kwana da fargaba shekara guda kan abin da awo ɗaya zai kwantar mata da hankali. Wadda nata ya zama shi ne kuwa, in an tare shi da wuri ana warkewa. Ma'aikata mata suna nan a asibitoci in kishin ne ya motsa, kuɗin mota kawai za ka bayar.

Kana murmushi, wai wannan zancen mata ne, bai shafe ka ba. Ɗaga rigarka ka duba. Kai ma biyu gare ka, ba su taɓa ciyar da kowa ba, amma cikin kowane mutum 100 masu wannan sankara akan sami kusan namiji guda. Kar ka tashi tukuna, ga mai nono can ta shawo kwana. Kira ta da ƙarfi yadda ka saba.