Wa Ya Tura Finlan NATO?

Malamaina na teburin mai shayi, masu warware rikicin duniya kafin ƙwai ya soyu, sannunku da ƙoƙari. Na san fatawarku tun ban buɗe baki ba: Amurka ce ta kama kunnen Finlan ta ja ta zuwa NATO. To, ku gyara zama.

Mutanen Finlan ba su kai miliyan 6 ba, ga iyaka da Rasha mai tsawon kilomita 1,340. A 1939 Tarayyar Sobiyet ta afka mata, aka gwabza cikin ƙanƙara wata uku da rabi, Finlan ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta. A 1948 ta sa hannu kan yarjejeniyar abota da Mosko, ta zama 'yar ba-ruwanmu, tana auna kowace kalma kafin ta furta. Shekara da shekaru, in aka tambayi jama'a batun shiga NATO, masu cewa e ba sa wuce kashi 20 da wani abu cikin 100. Ina Amurkar taku take duk tsawon lokacin nan? Barci ne ya ɗauke ta?

A Disamban 2021 Mosko ta nemi a rubuta mata alkawari cewa NATO ba za ta ƙara faɗaɗa ba, wato an yanke wa Finlan shawara ba a tambaye ta ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 tankokin Rasha suka shiga Yukren. Zuwa watan Mayu masu cewa e sun kai kashi 76. Majalisar dokoki ta amince da ƙuri'a 188, takwas kacal suka ƙi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba ka jiran Baturen Washinton ya nuna maka randa. Da aka tambayi shugaban Finlan na lokacin, Sauli Niinistö, ko Rasha za ta fusata, cewa ya yi su duba madubi, su suka jawo. Ranar 4 ga Afrilun 2023 Finlan ta zama mamba ta 31, bayan Turkiyya da Hungari sun gama jan ƙafa.

Na ji wani can baya yana cewa tsoro ne. Yallaɓai, wane tsoro? Ko a zamanin ba-ruwanmu Finlan ba ta taɓa ajiye bindiga ba. Aikin soja wajibi ne a kan kowane namiji, in yaƙi ya tashi tana iya tara sojoji 280,000, kuma mafakar ƙarƙashin ƙasa da ta gina za ta ɗauki mutum sama da miliyan 4. Jiragen yaƙi samfurin F-35 guda 64 ma a Disamban 2021 ta yanke shawarar saye, tun ba a yi harbin farko ba.

Amma zan ba ku naku, kada ku ce na cinye shayin ni kaɗai. Shigar ba kyauta ba ce. A Mayun 2022 Rasha ta yanke mata wutar lantarki da iskar gas. A ƙarshen 2023 Finlan ta rufe iyakar gabas, tana zargin Mosko da turo mata baƙin haure, garuruwa irin su Lappeenranta da suka saba da masu sayayya daga Rasha suka ji a aljihu. Ta kuma ba wa sojojin Amurka damar amfani da sansanoni 15. A nan kuna da abin faɗa, ku faɗa da ƙarfi.

Sai dai ku riƙe lissafin daidai. Shugaban Rasha Putin ya ce ba ya son NATO a ƙofar gidansa, shigar Finlan kaɗai ta ninka iyakarsa da ƙungiyar, Suwidin kuma ta bi sahu a Maris 2024 bayan shekara 200 ba ta shiga yaƙi ba. In dai dillalin da ya haɗa cinikin nan kuke nema ku ba shi la'ada, ku aika Kiremlin.