Taron Tayar da Tsohuwar Fijo

A Sae Sabuwa, da ma sauran garuruwan da ke kewaye da Maraɗi, ba a rasa gidan da wata tsohuwar Fijo ke kwance a bayan rumbu, 404 ko 504, tayoyinta sun nutse a rairayi, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Ranar da aka ce za a tayar da ita ba a raba goron gayya, amma kafin hantsi wurin ya cika, kuma kowa ya zo da ilminsa.

Mai motar ne ke buɗe taro. Galibi ba shi ya saye ta ba, gado ya ci. Maganarsa ɗaya ce, ita zai yi ta maimaitawa har la'asar: "Wallahi lafiyarta lau Baba ya ajiye ta." Gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta damina goma sha ta wuce a kanta. A ganinsa mota ba ta lalacewa sai tana tafiya. Bai san zama ya fi tafiya cin mota ba: fetur ɗin da aka bari a tanki ya bushe ya zama ƙaro ya toshe karbiratar, robobin ruwa sun tsattsage, ɓeraye sun yi kalaci da wayoyi, zanzaro ya gina gidansa a bututun hayaƙi. Duk abin da aka nuna masa sai ya ce ai da ba haka yake ba.

Kusa da shi akwai Malam Batir-ne-kawai. Wannan bai taɓa riƙe sifana ba, amma tun daga bakin ƙofa ya gama bincike. Da kansa zai je ya aro batirin da ake cajin waya da shi a kasuwa, a ɗaura, a murɗa makulli, mota ta ce ƙas ta yi shiru. Ko a jikinsa. "To, wannan batirin ma ba shi da ƙarfi." Shi ya fi kowa haɗari a taron, domin injin da ya shekara goma mai bai zagaya jikinsa ba, idan aka tilasta masa juyawa, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Sai rundunar turi, samari majiya ƙarfi waɗanda suka yarda babu cutar motar da giya ta biyu ba ta magani. Sun manta ƙasar nan jigawa ce. Taku ashirin, mota ta kafe, su ma sun kafe, a koma neman amalanken shanu ya jawo ta inda aka ɗauko ta. Babu wanda ya tambaya ko birki na kamawa, alhali man birki ya daɗe da shan ruwa, robobinsa sun mutu. Allah dai ya rufa asiri ba ta tashi ba, da dangar maƙwabci ce za ta tsayar da ita.

Wanda na fi so shi ne tsohon direba. Ba ya taɓa komai, tabarma ake shimfiɗa masa a inuwa, daga nan yake ba da umarni da tarihi a haɗe. Zai gaya maka 404 ta fito a 1960, giyarta a jikin sitiyari, 504 kuma a 1968, har aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Zai rantse maka wadda aka haɗa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975, ta fi ta Faransa jure rami, wani tsoho daga gefe ya ce ƙarya ne, a bar mota a koma musu. Idan wani yaro ya yi kuskuren kiranta akwala, sai tsohon ya miƙe zaune. Akwala? Ai 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake cinye shi a 1978. Duk wannan gaskiya ne. Inda ake rabuwa da shi shi ne idan ya kai ga ranar da ya ɗauko buhun gyaɗa arba'in da fasinja goma sha biyu daga Gazawa, ya iso Maraɗi shayin da ya bari bai huce ba. Buhunan kan ƙaru duk lokacin da ya ba da labarin, babu kuma mai gyara masa lissafi, saboda girma.

Akwai mai cewa sammu aka yi wa motar, a nemo turare. Akwai ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'ar Maraɗi, yana nuna bidiyon wani Bature a YouTube yana tayar da mota cikin minti goma sha biyar, bai lura Baturen ya sauya riga sau uku a cikin bidiyon ba. Hajiya kuwa tana leƙowa daga zaure, ba ta ce uffan ba, addu'arta kada motar ta tashi, don ba ta san inda za ta mai da tukwanen da ta jera a but ba.

Can nesa kaɗan, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya jingina babur ɗinsa yana taunar aya. Shi kaɗai ne ba ya ba da shawara. Idanunsa awo suke yi, ya riga ya san kilo nawa ke cikin radiyatar. Duk lokacin da aka murɗa makulli aka ji shiru, sai ya matso taku ɗaya ya ce, "Allah ya sa a dace, Alhaji."

Bakaniken gaske shi ne wanda taron ya fi raina wa wayo, don ba ya sauri. Yana zuwa zai zaro sandar awon mai ya shinshina, ya duba ko ruwa ya gauraya da shi. Ya kwance buji huɗun nan, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar ta kwana uku. Nan za ka ji guna-guni, mutane sun baro aikinsu don su ji ƙarar inji yau. Ranar da ya dawo, da sifana zai juya injin da hannu, a hankali, ya ji ko fistan sun saki. Sannan a zubar da tsohon mai, a sauke tanki a wanke tsatsa, a warware karbiratar a busa ƙananan ramukanta, a goge bakin filatin na cikin delko da 'yar takarda mai yashi, a mai da wayoyin buji bisa tsarinsu, 1-3-4-2, wanda Malam Batir-ne-kawai ya riga ya hargitsa da sunan taimako. Abin da babu a Maraɗi sai a yi saƙonsa Katsina, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Yaronsa ne ke shan wahalar duka, shi ke zuƙo fetur da baki ta tiyo, shi ke shiga ƙarƙashin mota inda kunama ta riga shi, kuma idan aka yi nasara ba a ambaton sunansa.

Ranar da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, yara na ihu, kowa ya karɓi rabonsa na yabo. Mai motar ya ce ai ya faɗa lafiyarta lau. Malam ya ce da ma batir ne, tunda an sa sabo. Mai turare ya gyaɗa kai. Mai ƙarafa ya hau babur ɗinsa, yana cewa zai leƙo bayan damina.

Idan akwai irin wannan motar a gidanku, ka ɓoye makullin, ka kira bakanike da asuba kafin gari ya ji, ka kuma tanadi kuɗin birki da tayoyi huɗu kafin na fenti.