Wuƙar Mahauci da Alƙalan Gindin Darbejiya

To alƙalan majalisar Ɗankaza, ku da kuke yanke wa mutum hukuncin rataya kafin shayin gabanku ya huce, ku matso. Na ce ganin mutum da mamaci a ƙarshe bai isa hujjar kisa ba, kuka ce boko ya ɓata ni. "Malam, ruwa fa ba ya tsami banza!" Haka ne. Amma wa ya tsamar da shi?

Tunda ba ku yarda da 'yan boko ba, ga Ibnul Ƙayyim. Ya kawo labarin wani da aka kama a kango zamanin Sayyidina Ali, wuƙa a hannunsa jina-jina, gawa a gabansa. Har ya amsa laifi, don ya ga musu ba zai fisshe shi ba. Ana shirin kashe shi sai ga mai kisan ya fito da kansa. Ashe bawan Allah mahauci ne, saniya ya yanka, fitsari ya kai shi kangon. Yanzu ku je kasuwar Wudil ranar Juma'a ku ƙirga masu yawo da wuƙa da jini a riga. Da ku ne alƙalai, da tsire ya ƙare a garin.

Na ji mai rediyon can yana cewa wannan labarin da ne. To ga na Kano. A 1979 matar Nafi'u Rabi'u ta rasu a gidansu, babu wanda ya ga abin da ya faru da idonsa. Aka tuhume shi da kashe ta, Babbar Kotun Kano ta sallame shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba shaidun nan dai, ta same shi da laifi, ta ba shi shekara 4, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1980. Sawu ɗaya, manyan alƙalai suka karanta shi iri biyu. Ku kuwa ko gardama ba kwa yi.

Ban ce alamu banza ba ne, kada ku yi min ƙage. Kotu na ɗaure mutum da su, amma sai sun toshe kowace ƙofa, ya zamana ba wani bayani mai ma'ana da ya rage sai cewa shi ne.

Af, Alhaji mai kujerar roba, ranar da akuyar maƙwabcinka ta ɓata, ba a ƙofar gidanka aka gan ta ƙarshe ba?