A Sayi Sabon Yadi, a Yayyanka, a Sake Ɗinkewa

Idan mace ta shiga kanti ta sayo yadi sabo fil, ta dawo gida ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana, sannan ta kwashe wata uku tana sake haɗa shi da zare da allura, a wasu garuruwan sai dangi su fara shawarar kiran mai ruƙiyya. A Amurka kuwa barka ake yi mata, don ta shiga sahun masu koyon ɗinkin bargon ƙyallaye.

Bargon hawa uku gare shi: fuskar sama da ake haɗawa da ƙyallaye kala-kala, auduga a tsakiya, da shafi a ƙasa, sai a bi su da ɗinki a haɗe su wuri guda. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifida a hawan Sallah ya san dabarar, domin lifidi ma yadi ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Sai dai shi an yi shi don tare kibiya, wannan kuma don tare sanyi.

Babu ce ta raini wannan sana'a. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mata da buhunan fulawa da na abincin kaji suke ɗinki, har kamfanoni suka riƙa buga furanni a jikin buhunan don jan masu saye. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, mata baƙaƙen fata jikokin bayi sun daɗe suna yanka tsofaffin wandunan gona suna haɗa barguna saboda ɗakunansu ba abin ɗumamawa. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma ya hau kan sarkin aika wasiƙa na ƙasar. Tsumma ne ya kai su can.

To, ga sabuwar ɗalibar zamani. Ta ga hoton bargo a Instagram da daddare, gari na wayewa ta yanke hukuncin cewa baiwarta ke nan. Darasin farko sayayya. Almakashin gida ba zai yi ba, sai wuƙar nan mai zagayawa kamar taya wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Wuƙar tana buƙatar tabarmarta ta roba, tabarmar tana buƙatar rula mai faɗi, rular kuma ba ta son zaman kaɗaici, sai an ƙaro mata 'yan'uwa uku. Keken ɗinkin da kakarta ta bari lafiyarsa ƙalau, amma ba shi da allon kwamfuta, saboda haka ya koma kusurwa ana ɗora masa tukunyar fure.

Sai yadi. Masu kanti sun san halin mutanensu, shi ya sa suke sayar da shi a 'yan guntaye masu inci 18 da 22, a naɗe, a ɗaure da kirtani mai kyau. Guda ɗaya ba tsada. Nan gizo ke saƙar, don ba a taɓa sayen guda ɗaya. Kafin a zura zare a allura, durowa ta cika, an fara ajiya a ƙarƙashin gado, mai gida kuma duk ƙunshin da ya gani sai a ce masa ai tsoho ne, ya daɗe a gidan.

Ranar fara aiki, malamai sun ce a soma da ƙaramin abu. Ita kuwa ta zaɓi bargon gadon amarya mai taurari. Ƙa'ida ita ce a bar kwatan inci daidai a bakin kowane ɗinki. Ta ce ido ma awo ne. In ta zarce da rabin wannan kwatan a kowane layi, layi ashirin sun cinye inci biyar, tunda kowane layi bakin ƙyalle biyu yake ci, sai a ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, taurarin kuma kowanne ya kama gabansa. Jan yadin da ba ta jiƙa ba tun farko ya zuba a wankin farko, fari ya koma ruwan hoda. Da ƙawaye suka tambaya, ta ce salo ne.

Daga nan sai bargon ya shiga leda. An fara na jariri tun yana ciki, an yi suna, an yaye shi, ga shi yana tafiya makaranta da jaka, bargon nasa saura shafi. Wannan bai hana ta zuwa babban bikin masu barguna da ake yi a Houston kowace kaka ba, inda dubban irinta ke taruwa, kowacce ta bar aikin da ba ta gama ba a gida, ta dawo da sabon yadi.

Mai sha'awar wannan ɗinki ya ajiye katin banki tukuna. Ya nemo tsohuwar rigar auduga biyu, ya yanka murabba'i tara masu girma ɗaya, ya jera su uku-uku, ya ɗinke, ya goge da dutsen guga. In kusurwoyin sun haɗu, ya yi na biyu. In kuma ƙyallen ya ƙare, telan unguwa yana share irinsa daga ƙasan kekensa kowace yamma, kuma zai yi murna a rage masa shara.