Yabon Gwani: Ustan Giyabos na Tayuri

Yabon gwani ya zama dole. Duk mai tsohuwar mota otomatik da ya zauna a Sabha ta ƙasar Libiya bai taɓa kai ta wajen Usta, babban makaniken nan na unguwar Tayuri, ba, ya yi zaman banza a yankin Fezzan. Ranka ya daɗe, uban kanikawa, gagara koyo, mai sifana ɗaya maganin noti dubu, dodon giyabos, wanda mota ke zuwar masa da ƙafarta ta koma gida ɗaure da igiya!

A fara da iliminsa na mai. Tun da kamfanin General Motors ya fitar da man giyansa Dexron a 1967, masu ƙera motoci ke wahalar da talaka da rarrabe-rarrabe. Toyota ta ce T-IV ko WS, Hyundai da Kia suka ce SP-III, wai kowane giyabos da irin santsin da farantan kulocinsa ke buƙata kafin su kama daidai. Usta ya kawo ƙarshen wannan wariya. Jarka ɗaya gare shi, ba suna, ba lamba, murfinta leda, kuma a cikinta Camry ke sha, Sonata ke sha, Avante ke sha. Haɗin kan da manyan Tarabulus da Bangazi suka shafe shekaru suna nema, shi ya gama shi a bakin mazurari.

Ga kuma karamci. Littafin mota ya ce a auna man giya inji na aiki, ya yi zafi, mota na tsaye a wuri mai daidai. Wannan sharaɗi ne na marowata. Usta yana aunawa inji a kashe, ƙafa biyu a kan tudun yashi, ya goge sandar awo da tsumman da ya ɗauka a ƙasa, sannan ya yi ta ɗura har sai zuciyarsa ta natsu. Masu ƙorafi na cewa man da ya wuce kima kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matsa kuloci. To, wa ya taɓa jin an zargi mai gida don ya cika wa baƙo ƙwarya?

Amma inda hikimar take sai ranar da ya kwance farantin ƙasan giyabos. Sai ka ga aiki! A fili yake yi, iskar hamada ta gibli na kaɗawa, domin bawul-bawul ɗin nan masu siraran hanyoyi su ma su ɗanɗani yashin ƙasar da suke ci a cikinta. Tsohuwar filta ba ta ganin wulaƙanci a hannunsa. Zai ɗauraye ta da fetur ya mayar da ita mazauninta, cikin girmama tsofaffi. Maganaɗisun da ke cikin farantin, wanda garin ƙarfen da ya tara ke faɗa wa ƙananan kanikawa ciwon da ke ciki, Usta ba ya kallonsa, don ba ya bin diddigin sirrin kowa. Gasket kuwa almubazzaranci ne. Silikon yake lafta wa bakin farantin da yatsa, lafcece, har ya tsattsafo ta ciki, inda gutsattsarinsa za su bi mai su je su toshe abin da Allah ya nufa su toshe. In mai na ɗiga, sai ya tsiyaya man birki kaɗan, robobin su kumbura, ɗigar ta tsaya daidai kwanakin da mai mota ke buƙata ya manta wa ya taɓa ta.

A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, kowa ya san zafi ne ajalin man giya, shi ya sa masu ƙira suka bi da shi ta lagireto ya huce. Usta ya tausaya wa man da wannan doguwar tafiya, ya haɗe tiyo biyun, ya hutar da shi. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, ya cire ƙwanta. Wane likita ne ke warkar da damuwa cikin minti biyu?

Ga iya magana. Wani direban haya ɗan Damagaram, wanda da motar nan yake aika wa iyalinsa kuɗin hatsi, ya dawo yana cewa, "Usta, tana fizga in za ta shiga ta biyu, kuma man ya yi baƙi, yana ƙauri."

"Haba ɗan'uwa, ba ka san mota ba? Sabawa take yi da sabon mai. Ka ba ta hanya, ka taka ta sosai."

Ya ba ta hanya, ta Ubari, kusan kilomita 200 na rana da rairayi, da mata da yara a baya. Da ta tsaya, Usta bai yashe shi ba. Ta waya ya ba da fatawa a jawo ta da igiya, ƙafafu huɗu a ƙasa, inji a kashe, famfon mai na barci, domin abin da ya rage a ciki ya ƙarasa ƙonewa ba tare da jan rai ba. Da isowarsu kuma, dubi ikon Allah, akwai giyabos ɗan kwance a bayan rumfa yana jiran mai rabo, a farashin 'yan'uwantaka.

Tsohon man ma ba ya tafiya a banza. A lungu yake tuttular da shi, inda yaran unguwa ke wasa ba takalmi, ya kwantar musu da ƙura kyauta.

Saboda haka, mai karatu, kada ka saurari mahassada masu tambayar sunan mai, masu neman a nuna musu tsohuwar filta, masu cewa sai an auna a gabansu. Ka miƙa makulli, ka biya kafin aiki, ka yi godiya. Sai dai in za ka kama hanyar Ubari, ka riƙe jarkar ruwa babba da igiya mai ƙwari.