Alhaji, Miƙo Matashin Nan

Tun ban buɗe baki ba na hango ka, Alhaji, a majalisar shayi ta bakin tashar Konni, kana taɓe baki: "Yau kuma barci za a koya wa mata? Uwata goma sha ɗaya ta haifa bisa tabarma, ba wanda ya ce mata juya nan, juya can." Allah ya saka wa Inna da alheri. Amma ka taɓa tambayarta dare nawa ta kwana zaune, jingine da bango? Ina za ka sani, lokacin kai ne a ciki kana harbinta.

Mu yi gwaji mana. Ka hau kabu-kabu ka je Galmi, a auno maka albasa kilo 6, kwatankwacin nauyin ɗa da mabiyiya da ruwa da mahaifa ke nan in ciki ya tsufa. A ɗaure maka a gaba da zane. Ka dawo ka kwanta rigingine a daren Afrilu, bayan rana ta wuni tana zuba zafin da ya haura 40, ga kuran an ɗauke, fanka ta yi tsit. Da asuba ka zo ka ba mu labari. Kuma rangwame aka yi maka, don albasa ba ta motsi, ba ta danne mafitsara ta tashe ka fitsari sau huɗu.

Rigingine ɗin nan shi ne abin da ya kawo ni. Akwai babbar jijiya da ke bin gefen ƙashin baya tana mayar da jini daga ƙafafu da mara zuwa zuciya. In mai tsohon ciki ta kwanta bisa bayanta, mahaifa kan zauna a kan jijiyar, kamar babbar mota ta tsaya bisa tiyon ruwa. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wanda ke isa ga ɗan ma ya ragu. Wata ta ji jiri da tashin zuciya ta juya da kanta, wata kuwa ba ta jin kome. Likitoci a Okland ta ƙasar Niyuzilan sun fitar da bincike a kan wannan a 2011, na Ingila suka biyo a 2017, aka tattara sakamakon ƙasashe da dama a 2019. Abin da aka gani: daga mako 28, wato shigar wata na bakwai, matar da ke fara barci rigingine haɗarin ɗan ya rasu a ciki ya ninka na mai kwanciya gefe fiye da sau biyu.

Na ga Malam ya gyara rawani. "To mu dai sunna muka sani, kwanciya bisa hannun dama. Nasara kuma an ce hagu suke so." Allah gafarta Malam, wannan karon ba ka da abokin gardama. Da can hagu ake ta nanatawa, amma waccan tattarawa ta 2019 ba ta ga bambanci tsakanin dama da hagu ba. Mai ciki ta fara da dama abinta, in kwankwaso ya gaji ta koma hagu. Sai ka nemi wata muhawarar.

Ke kuma amarya mai cikin fari, na ga idonki ya raina fata. Kada ki kwana kina gadin kanki. Yadda kika kwanta da farko shi ake lissafi, don a haka ake fin daɗewa. In kin farka kin ga kanki rigingine, ki juya gefe ki ci gaba da barcinki.

Sauran aikin na matashi ne. Ɗaya tsakanin gwiwoyi don kwankwaso ya huta, ɗaya a bayanta ya tare ta kada ta mirgina, ƙarami ƙarƙashin cikin. In babu, tsohon zane a naɗe ya wadatar. Ƙwannafi fa? Gwaggo, ke nake kallo, mai cika mata kwano da tuwo da yaji bayan isha'i kina cewa mutum biyu take ci wa. Ta ci da wuri, kaɗan-kaɗan, ta ɗaga kai da ƙirji in za ta kwanta. Shayin dare kuma, mai ɗacin nan na farko, a bar wa Alhaji, shi da ba shi da abin yi da barci.

Sange kuwa ba na wasa da shi. Kun ce zafi gare shi, kun ce kamar kabari. Garin da ke da gandun noman rani a gefensa, ruwan madatsun Mozage da Zango na kwarara cikin magudanai, sauro bai san hutu ba, balle damina ta faɗi. Masassarar cizon sauro tana shanye jinin mai ciki, tana sa a haifi ɗa ƙarami. Sangen da aka ba ta wurin awon ciki don ta shiga aka ba ta, ban ce ka rufe irin albasa da shi ba, Alhaji. Kar ka sunkuyar da kai, na san gonar.

In kuma rashin barcin ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ta ji motsin ɗan ya ragu, ko ta ga jini, ba zancen matashi ba ne. A tafi likita a daren, kada a jira gari ya waye.

Yanzu dai matasai nawa ke ɗakinka? Biyu na gani, duk ƙarƙashin kanka. Miƙo ɗaya. A'a, ba wannan da ya lanƙwame ba, wancan mai laushin da ka sayo a kasuwar Illela.